Atisayen Umma

A shekarar da na ce zan shiga soja, mu biyu ne muka yi atisaye a gidanmu, ni da mahaifiyata. Nawa na gudu ne da tsallen kwaɗo da ɗaukar jakar yashi. Nata a kicin ta fara shi, kuma cikina ne ya sha wuyarsa.

A Makera muke zaune, a gidan haya, ɗakuna biyu masu kallon juna. Mahaifina ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, bai daɗe ba bayan nan Allah Ya karɓi abinsa. Muka rage mu uku: Umma, da ni, da ƙanwata. Umma tana ƙulla zoɓo da kunun aya ana sara a wurinta. Ni kuma da na gama sakandare kawuna ya zaunar da ni a rumfarsa ta cajin waya a bakin titin Abuja, a Gonin Gora. Aikina in karɓi waya, in soka, in zauna ina korar ƙuda. Ni ɗan fari ne, saboda haka Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. Yaya take ce mini, yadda ƙanwata ke faɗa.

In za a bi gaskiya, ba kishin ƙasa ne ya fara shiga kaina ba, kaki ne. Kwandastan da ke wanke ni tas kan canji, na ga yadda yake komawa kamar sabon suruki in soja ya shigo motar. Na ga yadda 'yan matan da ke kawo caji suke gyara tsayuwa in motar sojoji ta tsaya sayen ruwa, alhali ni da na riƙe musu waya tun safe ko fuskata ba su haddace ba. Daga baya ne wasu dalilan suka biyo: aikin yi, albashi, da gajiya da zama wuri ɗaya ina kallon duniya tana wucewa ta gabana a guje.

Wanda ya ƙara zuga ni abokina ne na ƙuruciya. Gida ɗaya muka tashi a Makera kafin su koma Kamazou. Su Kiristoci ne daga kudancin jiha, kuma a danginsu soja kamar gado ne. Mahaifinsa tsohon soja ne, ya yi ritaya da igiya biyu, kowa Baba Kofur yake ce masa. Bayan ritaya ya yi gadi a masaƙa, nan suka saba da mahaifina. Yayan abokina ma soja ne, yana can arewa maso gabas. Mahaifiyarsu kuwa, wadda muke kira Mama, rabin rayuwarta a bariki ta yi shi.

Ba na iya tafiya ba da yardar Umma ba, wannan ko a mafarki. Don haka na shirya mata jawabi. Na tanadi amsar kuka, na tanadi amsar "wa zai kula da mu", har na tanadi abin da zan faɗa in ta kira kawu. Na same ta tana ƙulla zoɓo, na durƙusa na zazzage mata komai. Ba ta daina ƙulli ba har na kai aya.

"Ka gama?" ta ce.

"Na gama."

"To, na ji."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Washegari ta zura hijabi ta hau Keke Napep zuwa Kamazou, ta wuni wurin Mama. Ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin rabin izini, na shiga sahun samarin da Baba Kofur ke horarwa kafin a buɗe ɗaukar sababbi.

A filin wata firamare kusa da gidansa yake tara mu da sassafe. Yana da usur, yana da tumbi, yana da tsohon keke. Mu muna gudu a ƙasa, shi yana bin mu a kan keken, amma kullum shi ne ke cewa mun gajiyar da shi.

"Kai kurtu, ƙafa biyu kawai Allah Ya ba ka, wanne ne lef? See this one. Ko akuya ya fi ka sanin hanya."

Ranar da Umma ta fara nata atisayen, na dawo daga rumfa da yamma cinyoyina na rawa, yunwa kamar in ci tabarma. Aka shimfiɗa leda, aka kawo kular tuwo da miyar kuɓewa. Na wanke hannu na gyara zama. Umma ta buɗe kula, sai ga malmala biyu. Ta ɗauki ɗaya, ƙanwata ta ɗauki ɗaya, aka rufe kula.

"Umma, nawa fa?"

Ta dubi ƙanwata. "Kin ji kamar ana magana?"

"Rediyon maƙwabta ne," in ji ƙanwata, bakinta cike da tuwo. Yarinyar nan tun tana ƙarama take jiran irin wannan rana.

Na ɗauka wasa ne, na yi dariya, na jira a fito da nawa daga inda aka ɓoye. Sai da Umma ta suɗe hannu sannan ta juyo ta dube ni.

"Yau kaɗai zan yi maka bayani, daga gobe ba ka nan. Kai kana koya wa ƙafarka gudu tun kafin a ɗauke ka, ko ba haka ba? To ni ma ba zan jira sai ka tafi sannan in fara koyon zama babu kai ba. Na tambayi Mama yadda ake yi. Ta ce abin da ke fara cin amanar mace hannunta ne. Ka tafi, amma hannu bai sani ba, sai ya auni gari da kai a ciki. A gama tuwo, a raba, malmala ɗaya ta rage a kula tana kallon mutum. Ta ce wannan malmalar ita ke kayar da mata a bariki, ba labarin yaƙi ba. Shi ya sa na rage awo tun yanzu."

"To ni me zan ci?"

"Soja a bariki yake cin abinci."

Na kwana da burodi da shayin mai shayi, ina jin haushin duk matan barikin duniya. Da safe na kai ƙara wurin Baba Kofur. Ya yi dariya har sai da ya sauka daga keke ya dafa bango. Da Hausarsa ta bariki, Mama ce Madam, Umma kuma Hajiya.

"Madam ya fara ba Hajiya training? Yaro, ka shiga uku. Ni kaina tsoron parade na Madam nake yi."

Abin bai tsaya a tuwo ba. Kowane mako Umma takan je Kamazou ta dawo da sabon darasi. Wata rana ina kwance a ɗakina wayata ta yi ƙara. Na duba, Umma ce. Ta ƙofata ina hango labulenta, har ƙafarta ina gani.

"Salamu alaikum. Ka ci abinci?"

"Umma, ke fa kika hana ni."

"To madalla. Allah Ya tsare. Ba na jin ka sosai." Ta kashe.

Ƙanwata ce ta fassara mini daga baya, bayan na saya mata awara. Wai Mama ta ce ba a tambayar soja inda yake, domin ba zai faɗa ba, in ma ya faɗa ba barci za a yi ba. Tambaya ɗaya ce, ya ci abinci? Kuma na gida shi ke fara kashe waya, tun murya ba ta fara rawa ba, kada na can ya ji ya tafi da ita bakin aiki. Ba a rakiya, ba a tsayuwa a bakin layi ana leƙen hanya, ba a bin labarin da aka ji a bakin famfo.

Da farko abin dariya yake ba ni, har ina ba abokai labari a rumfa. Ina zaune a tsakar gida za a yi hirata kamar ina wata ƙasa. "Da Yaya na nan da ya cinye wannan ƙanzon," in ji Umma, ta miƙa wa ƙanwata. Maƙwabciyarmu ta shigo ta gan ni, ta ji ana cewa Allah Ya dawo da ni lafiya, ta fita tana waiwaye.

Ranar da dariyar ta fara ragewa, ƙwan fitilar ɗakin Umma ne ya mutu. Tun rasuwar mahaifina ni ke canza shi, ko tambaya ba a yi. Ina zaune na ga ta mirgino turmi, ta kife shi, ta tattare zani za ta hau. Na miƙe da sauri. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce wa ƙanwata, "Riƙe mini nan." Ta hau, turmin na ɗan motsi, ta miƙa hannu tana laluben ƙwan, ta kwance ta ɗaura sabo. Da ta sauko tana haki ta ce, "Ashe ba wuya." Na ji kunya, na kuma ji wani abu mai kama da kishi. Ban taɓa zaton gidan zai iya tafiya babu ni ba, ga shi ana gwada mini a gaban idona.

Yunwa kuwa ta koya mini hanya. In na tashi daga rumfa sai in biya ta Kamazou, wai a kan hanyata, ko da yake duk wanda ya san Kaduna ya san ba kan hanyata ba ne. Kullum na je akwai kwano a rufe a gefe: yau faten tsaki, gobe tuwon acca da miyar karkashi. Mama za ta turo mini shi da ƙafa ta ce, "Ci, my son." Na ɗauka tausayina take ji tunda ita ta jawo mini horon. Har na fara yi wa abokina gorin cewa uwarsa ta fi sona.

"Kai, ba naka ba ne," ya ce. "Na Broda ne. Tun da ya tafi kullum sai ya ragu. Kafin ka fara zuwa, yaran maƙwabta ke cinyewa."

Na dubi ƙofar ɗakin yayan nasa. Ɗakin a kulle yake, amma ga silifas ɗinsa a bakin ƙofa, an jera su suna kallon ciki, kamar yanzu ya cire ya shiga. Sau nawa na wuce su ban lura ba.

Ban iya riƙe bakina ba. Da Mama ta fito na ce, "Mama, ke da kike koya wa Umma rage awo?"

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Duk abin da ticha yake koyarwa ya iya? Ci abinci ka rufe baki. Kuma in ka gaya wa Hajiya, ni da kai ne."

Ban gaya mata ba. Na dai cinye faten, amma ranar bai yi mini daɗin da ya saba ba.

Ana cikin damina Baba Kofur ya ce lokacin doguwar tafiya ya yi. Wata Asabar kowa ya goya jakar yashi, muka tashi daga Kamazou za mu zaga ta Gonin Gora mu dawo. Ya hana ɗaukar waya, wai a daji wa zai ba mu caji. Mun kai Gonin Gora ke nan hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yashin da ke bayanmu ya sha ruwa ya ninka nauyi. Muka fake a rumfar wani mai faci, muna rawar sanyi, Baba Kofur yana ba mu labarin yadda a zamaninsu ruwan sama ke jin tsoronsu.

Ashe a daidai lokacin wata tirela ta lalace ta gindaya a titi can gaba. Motoci suka cunkushe, wasu direbobi suka fara juyowa ta hannun da ba nasu ba. Mu mutanen Kaduna kuwa in muka ga mota ta juyo a guje, gudu muke fara yi, tambaya sai an isa gida. Masu talla suka kwashi kaya, masu shago suka ja ƙofa. Kafin labarin ya isa Makera ya yi ƙiba: wai ana tashin hankali a Gonin Gora, wai an ga samari da jakunkuna a baya. Samarin nan mu ne, muna rakuɓe a rumfar mai faci muna rabon gyaɗa.

Sai dab da magariba na shigo layinmu, jiƙe sharkaf, ina jan ƙafa. Tun daga bakin titi mutane ke tare ni. "Kai, kana raye? Maza gida, uwarka." Na ƙara sauri, ina tsammanin in hango ta a bakin layi, ko a ƙofar gida. Ba ta nan. Na tarar da ita zaune a kan kujerar tsugunne a ƙofar kicin, tana kaɗa miya. Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa, sau ɗaya, ta mayar da kai kan tukunya.

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Gari duka ya ɗauka na mutu, uwata tana kaɗa miyar kuka.

Na shiga ɗaki in canza kaya, ƙanwata ta biyo ni. Wannan karon ba ta nemi awara ba, idanunta sun yi ja.

"Tun azahar take sa hijabi tana cirewa. Ta kai ƙofar gida ta dawo, ta kai ta dawo. Ta kira wayarka, ta ji tana ƙara a ɗakinka. Matan gidan nan suka ce su raka ta Gonin Gora, ta ce ba a bin labarin bakin famfo. Sai ta zauna ta kama tuƙa tuwo."

Bayan sallah aka shimfiɗa leda. Na zauna daga gefe da burodina, yadda na saba. Umma ta buɗe kula. Tuwo ne cike har baki, malmala a kan malmala, wanda zai ishi masu aikin gini. Ta tsaya tana kallonsa kamar wani ne ya tuƙa ya ajiye mata.

"Hannun ne," ta ce a hankali. "Ban san lokacin da na zuba ba."

Ta turo mini kular gaba ɗaya. Na ci. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na wannan rana ba, kuma ni ne sanadi. Da na wanke hannu na ce, "Umma, na fasa."

"Ka fasa me?"

"Sojan. Ba zan tafi ba."

"Saboda me?"

"Saboda ke."

Na zaci za ta yi hamdala. Sai ta ajiye kwanon da ke hannunta da ƙarfi har murfin ya yi tsalle.

"Kada ka soma. Ba za ka rataya mini wannan a wuya ba. Gobe abokinka ya dawo cikin kaki, kai kana rumfa kana soka waya, ka riƙa kallona kana cewa a ranka ni na tare maka hanya? Ban ce ka tafi ba, ban ce ka zauna ba, kuma ba zan ce ba. In kai ne ba ka so, ga ɗakinka, ga tuwonka, in huta da hawa turmi. In kuwa kana so, na riga na yi rabin kukan, sauran ma zan iya. Ka je ka tambayi kanka, ka daina leƙen fuskata."

Daga ranar aka mayar da ni cikin awo. Aka koma kirana Yaya, aka koma aikena sayen ƙanƙara da sukari. Ƙanwata ta yi baƙin cikin rasa ƙanzo. Na daina zuwa fili, na koma barcin safe. Abinci ya dawo, amma kwanciyar hankali ba ta dawo tare da shi ba. A da ina da wadda zan ce ita ta hana ni ko ita ta bar ni. Yanzu an sakar mini abina a hannu, ya fi jakar yashi nauyi.

Na zauna a rumfa ina kallon titi ina auna kaina. Kakin da ya fara jan hankalina ya riga ya fita raina tun a filin firamare, domin na gane kafin a sa shi sai an sha tsallen kwaɗo, bayan an sa shi kuma uwar mutum ke sha. Na tuna silifas ɗin da ke Kamazou. Tsoro ya kama ni sosai, na mutuwa, da na abin da zan bari a gida. Amma duk safiya kafin ladan ya kira salla idona ke buɗewa, ƙafafuna suna neman hanya. In motar sojoji ta wuce, na daina kallon 'yan mata, sai in kalli fuskokin da ke bayan motar, yara sa'o'ina, wasu na gyangyaɗi. Sai in ji cewa wurina yana cikinsu, ba a bayan wannan teburin ba. Na jira abin ya wuce kamar zazzaɓi, ya ƙi wucewa.

Wata rana Baba Kofur ya zo wucewa a kan kekensa, ya tsaya a rumfar. Na shirya shan tsawa. Sai ya nemi ruwa, ya zauna a benci, ya yi magana da wata murya da ban san yana da ita ba.

"Ba dole ba ne, ka ji? Wanda ya zauna gida ba matsoraci ba ne. Amma in za ka shiga, ka shiga da ido a buɗe. Ni sai da na yi ritaya na san ba ni kaɗai na yi aikin ba. Madam ya yi fiye da ni, ba a ba shi igiya ko ɗaya ba." Ya miƙe ya hau keke, sai kuma muryar da na sani ta dawo. "Kuma ka yi ƙiba. Shame."

Washegari na tashi da asuba, na yi salla, na ɗaura takalmin gudu. Umma tana tsakar gida tana wanke robobin zoɓo. Na daɗe tsaye a bayanta ina neman jawabi, duk wanda na ɗauko sai ya yi mini tsawo.

"Umma," na ce, "yau ki rage awo."

Hannunta ya tsaya a cikin ruwan kumfa. Ba ta juyo ba.

"To," ta ce. "Allah Ya yi albarka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka." Ta ci gaba da wanki.

Da lokacin tantancewa ya zo, abin da ba wanda ya zata ya faru. Ni da Baba Kofur ya ce akuya ta fi ni, na wuce. Abokina, jikan soja, ɗan soja, ƙanen soja, aka sa shi ya haɗe ƙafafu, aka ce yana da gwame, ya koma gida. Baba Kofur ya yi kwanaki ba ya magana da kowa, daga baya ya yanke hukuncin cewa ƙafar dangin Madam ce. Mama ba ta musa ba. Ranar Lahadi aka gan ta a coci ta yi rawar godiya har ɗankwalinta ya faɗi.

Ranar da zan tafi Zariya wurin horo, Umma ta bi darasinta sak. Ta yi mini addu'a a ɗaki, ta ba ni dambun nama a leda, ta koma ta zauna. Ba rakiya. Ƙanwata ce ta riƙe mini jaka zuwa bakin titi, tana kuka tana cewa hayaƙin mota ne. Har na tare Keke Napep na tuna na bar cajar wayata a soke a bango, ni da na yi shekaru ina sana'ar caji. Na koma da gudu.

Na same ta durƙushe a ƙofar ɗakina. Ta ɗauko silifas ɗina na wanka daga inda na watsar da su, tana jera su suna kallon ciki. Ta ji motsina, ba ta ɗago ba.

"Ba ka nan," ta ce. "Ɗauki abin da ka manta ka wuce."

Na tsallake su a hankali don kada in ture, na zare cajar, na fita.

Yanzu na yi shekaru a cikin kaki. An kai ni wurare da dama, kuma ko sau ɗaya Umma ba ta taɓa tambayata inda nake ba. Ta kira, ta ce na ci abinci, in ce na ci, ta kashe tun ban gama sallama ba. Mama tana cewa a duk ɗalibanta ba ta taɓa samun mai ƙoƙarinta ba.

Hutunmu ba ya zuwa da sanarwa, don haka ban cika faɗin ranar da zan zo ba. Zuwana na farko na sauka Makera da yamma, ana shirin cin abinci. Bayan gaisuwa da 'yan koke-koke aka buɗe kula, sai ga malmala uku. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Na fara yi wa abokan aiki alfahari cewa uwata tana jin zuwana a jikinta. A zuwan da na yi na baya-bayan nan ne na faɗa a gaban ƙanwata, muna wanke hannu, Umma ta shiga ɗaki ɗauko mini zoɓo.

"Wane ji a jiki?" ta ce, ta rage murya. "Kullum uku ne. Yaran gidan nan har sun san lokacin zuwa karɓa. Kuma ta ce in ka gaya wa Mama, ita da kai ne."